GARGAƊI: Abincin Tamowa Magani Ne, Ba Hajar Kasuwa Ba

Jama'a, damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai iso ba. Daga yanzu har kaka tamowa ta fi cin yara, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna taya ta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a wata shidan farko na 2025 kaɗai, yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina. Waɗanda aka samu kaiwa ke nan. Na ƙauye da aka binne shiru, Allah kaɗai ya san yawansu.

Iyaye mata, ku dubi yaranku yau. Yaro ya rame, haƙarƙari a waje, gashi ya yi ja ya yi laushi, kullum ƙananan kuka? Danna babban yatsa a bayan ƙafarsa, ki ƙirga uku. In gurbin yatsan ya zauna a ƙafa biyun, kumburi ne, ba ƙiba ba ce, kuma kada ya kwana a gida. Haka in ya ƙi ci sam, ko yana amai da komai, ko yana jijjiga. A daina cewa haƙori ne, ko ya sha ciki ne, ko baki ne ya kama shi. Kwanakin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe su ne ke tafiya da yaro.

A asibitin sha-ka-tafi za a zagaya masa zaren awo a damtse. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, tamowa ta yi tsanani. Sai a yi masa kati, a ba shi ƙunshin nan na Plumpy'Nut, kyauta. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, giram 92 a kowace leda. Da shi aka ceto dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005, yawancinsu ba tare da an kwantar da su ba. Ana ƙidaya shi ne daidai da nauyin yaron, a dawo awo duk mako, kimanin mako shida zuwa takwas.

To, ga abin takaicin. Ledar nan yanzu tana kan tebur a kasuwa, tana cikin tire ana talla, har magidanci ya shafa a burodi ya kora da shayi! Mun san babu ce ke sa wata uwar ta sayar da biyu ta auno gero don sauran yara, kuma da wuya ka ga laifinta. Amma kowace leda da ta fita, ƙwayar maganin yaron ce ta fita. Ranar awo a ga bai motsa ba, a ce magani bai karɓe shi ba. Wanda ya saya ma bai wanku ba: da kuɗinsa aka cire abinci daga bakin majinyaci. Ma'aikacin da ke karkatar da kwali-kwali kuwa ɓarawo ne, komai farin rigarsa.

Kada a dama abincin tamowar da ruwa, kada a raba wa yayye. A wanke hannun yaro, ya ci daga ledar, a ba shi tsabtataccen ruwa, a ci gaba da ba shi nono.

Malam mai gida, izinin fita da kuɗin mota suna hannunka, kada ka sa ta jira ranar kasuwa. Masu unguwanni, limamai, ungozomomi, ku faɗa a masallaci da gidan suna. Duk wanda ya ga ana sayar da ledar nan, ko aka nemi kuɗi a hannunsa kafin a ba shi, ya kai ƙara ga shugaban asibitin ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. In akwai yaro mai kumburin ƙafa a gidanku ko na maƙwabci, a ɗauke shi yau.