Horon Uba: Yadda Kiristocin Adar Suke Ɗaukar Wahala

Ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har zuwa duwatsun Keita da Buza, ƙasa ce wadda ta san fari tun kaka da kakanni, kuma dattawan da suka ga yunwar 1973 da ta 1984, sa'an nan suka ga ƙarancin abincin 2005, ba su bukatar a ba su labarin rumbu wayam. A duk sa'ad da irin wannan musiba ta sauka, tambaya guda ce take tasowa a zukatan bayi, wato shin Ubangiji fushi ya yi da mu? Kiristocin wannan yanki, ko da yake 'yan ƙalilan ne a tsakanin 'yan'uwansu Musulmi, suna da amsa wadda ta cancanci maƙwabci ya san ta.

Asalin aƙidar shi ne Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa su kira Allah Uba, ba ta fuskar haihuwa irin ta 'yan Adam ba, sai dai ta fuskar ƙauna da ɗaukar nauyi. A kan wannan ne sura ta 12 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kafa hujjarta, tana dogaro da sura ta 3 ta littafin Karin Magana, cewa tsautawar Allah ga mai bi shaida ce ta karɓa, kuma manufarta gyaran hali da tsarkin zuciya, ba ramuwa ba, tun da yake a imanin Kirista Almasihu ya riga ya ɗauki uƙubar zunubi a kan gicciye. Wanda ya taɓa ganin uba ya danne ɗansa a cinya domin a yi masa allura, yaron yana tsala ihu yana duban fuskar mahaifin da mamaki, mahaifin kuwa ya kau da kai amma bai sassauta riƙo ba, ya fahimci abin da fastoci suke nufi. Wasiƙar ba ta ɓoye cewa horo yana da ɗaci ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa nake ganin girmanta.

Adarawa, da yake mutane ne masu tafiya biɗa, samarinsu suna cika motocin Abijan da zarar an gama girbi, ba su shan wahalar gane misalin da ke sura ta 15 ta Linjilar Luka, na ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya ɓarnatar, har yunwa ta mai da shi makiyayin aladu kafin ya dawo cikin hayyacinsa. Yunwar ce ta kora shi gida, amma uban da ya hango shi daga nesa sheƙawa ya yi a guje ya rungume shi, ya sa aka yanka masa maraƙi.

Sai dai aƙidar tana da haddi, kuma a nan ne jahilci yakan yi ɓarna. Da wahala ta sami Annabi Ayuba, abokansa suka dage lalle wani laifi ya aikata, Allah kuwa ya tsauta musu. Haka nan da almajirai suka tambayi Almasihu game da wani da aka haifa makaho, ko zunubinsa ne ko na iyayensa, sai ya kore duka biyun, ya kuma warkar da shi. Saboda haka mai bi yana iya binciken zuciyarsa a cikin tasa wahala, amma ba shi da izinin yanke hukunci a kan gonar wani da ta ƙone ko jaririn wata da ya rasu, kuma a ganina mai wa'azin da ya yi haka ya zalunci mai makoki.

Kamar yadda Almasihu ya warkar da makahon maimakon ya ɗora masa laifi, haka a Galmi, garin albasa da ke kudancin jihar Tawa, asibitin da mishan ɗin SIM ta buɗe a 1950 yana nan yana aiki, mata suna jira a inuwa da goyon yara masu zazzaɓi, akasarinsu kuwa Musulmi ne, wasu ma daga Nijeriya suke ƙetaro iyaka.