Takardar da Aka Ce Ta Sayi Keke a Arawa

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu Keke Napep da yawa a Gombe sun mayar wa iyayen gidansu makulli saboda balas ya gagara. A cikin wannan matsin ne wani saurayi ɗan Arawa ya sayi keken kansa. Na hannu ne, amma lafiyayye. Yaron maraya ne, ba ya bin ɗan siyasa, babu ɗan'uwa a Abuja, don haka unguwa ta ɗauka da magana.

Abin da bakin mutane ya fara sauka a kai shi ne wata takarda. Kowa ya san yana yawo da ita naɗe cikin leda a aljihun gaba, kuma kullum bayan sallar Asuba sai ya warware ta ya duba. Abokinsa da suka koyi tuƙi tare ya taɓa leƙawa, ya ga layi ɗaya tal: kafin Babbar Sallah zai mallaki kekensa, in Allah ya yarda. Nan take abokin ya ce ya gano sirrin, don ya sha ganin irinsa a TikTok, inda ake cewa ka rubuta burinka sau 3 da safe, sau 6 da rana, sau 9 da dare, ka ji a ranka tamkar ka riga ka samu, abin zai biyo ka har gida. Wannan koyarwa ta yi tashe ne da littafin The Secret na Rhonda Byrne, 'yar Ostireliya, a 2006, kuma tun a 1952 wani fasto ɗan Amurka, Norman Vincent Peale, ya share mata hanya. Abokin ya cika littafin rubutu guda da burinsa, har ya biya kuɗi aka sa shi a wani zauren WhatsApp na masu koyar da abin. Sallah ta zo ta wuce, yana nan kan keken haya.

Buri ɗaya, sana'a ɗaya, takarda iri ɗaya. Me ya raba su? Tambayar ta dame ni, domin na ga yadda abokin ya fara zargin kansa da raunin imani.

Na fara da zancen asiri, don shi ya fi yawo a majalisa. Dattijon da ake cewa shi ya yi wa mai keken aiki ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ba shi ko rubutun sha ba, addu'ar da ake yi wa kowa bayan salla ita ya samu. Sai na bi sawun kuɗin. Wanda ya sayar da keken ya ce ba a dunƙule aka biya shi ba, kashi-kashi ne, kuma kowane kashi tsofaffin takardun ɗari biyu da ɗari biyar ne ɗaure da kyauro. Irin wannan kuɗi daga wuri ɗaya yake fitowa: adashe.

Uwar adashen wata tsohuwa ce mai sayar da itace. Na gaishe ta, na ce, "Goggo, ashe ke ce mai asirin." Ta ce, "Malam, in adashe ne asiri, ai abokin nasa ma ya shiga. Zubi kaɗan ya yi ya ɓace." Nan lissafina ya sake kwancewa. Sai ta ƙara da wata magana: shi wannan yaron, ana idar da Magariba take jin ƙarar kekensa a ƙofar gida. Ranar da babu ciniki ma yakan kawo rabi, ya ce a rubuta masa sauran bashi. Bai taɓa bari Isha ta riske shi da kuɗin a aljihu ba.

Me ya sa Magariba? Da na tambaye shi, sai ya ciro takardar ya juya ta. Gabanta kawai abokin ya gani. A baya akwai ƙananan layuka da biro, wasu an soke an sake. Idan an sallame Magariba, sai gidan Goggo kafin majalisa. Idan wani ya nemi rance, kuɗin ba sa hannunsa. Idan hadari ya haɗu da yamma, keken ya kwana a tsallaken kwari, don kada zaizayar da ta addabi Arawa da Malam Inna ta hana shi kwasar ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da sassafe. Ya ce, "Baba, na zauna ne na tambayi kaina me ke cinye min kuɗi. Na ga mai shayi ne, da gidan kallon ƙwallo, da kunyar abokai. Kowanne na yi masa magani tun kafin ya zo."

Bai taɓa jin sunan Gabriele Oettingen ba, amma abin da ta shafe shekaru tana bincike a kai a jami'o'in Hamburg da New York ke nan. A wani nazari da ta wallafa a 2002, ɗaliban da suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki mai kyau su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aiki, suka kuma samu tayi kaɗan da albashi ƙasa da na sauran. Dalilin shi ne, zuciyar da ta ɗanɗani daɗin nasara a cikin tunani sai ta saki jiki, kamar wanda ya ƙoshi da ƙamshin miya. Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya hango burin, sannan nan take ya dubi abin da ke tare masa hanya a cikin halinsa. Wani mai bincike kuwa, Peter Gollwitzer, ya gwada ɗaya ɓangaren, wato tsayar da lokaci da wurin yin abu tun da wuri, a 1997: aka ce wa ɗalibai a Jamus su rubuta rahoto a lokacin hutun Kirsimeti. Cikin waɗanda suka tsayar da lokaci da wurin da za su yi rubutun, kusan kashi uku cikin huɗu sun cika. Cikin waɗanda ba su tsayar ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Ba na raina gaban takardar. Wanda ya yanke ƙauna ba zai ma je gidan uwar adashe ba, kuma kyautata zato ga Allah ibada ce. Amma hadisin da Tirmizi ya ruwaito a kan mai raƙumi ya haɗa ɗaure dabbar da tawakkali wuri guda, bai ce tunani ne ke janyo arziki ba. Abin da ya fi ƙona min rai a koyarwar TikTok ɗin nan shi ne yadda take ɗora wa talaka laifin talaucinsa, alhali ba shi ya ƙara kuɗin mai ba.

Abokin ya koma wurin Goggo, kwasarsa tana tafe. Su kuwa masu karɓar kuɗin matasa a waya suna sayar musu da rabin takarda, su ji tsoron Allah su mayar wa yaran nan haƙƙinsu.