Tazarar jirgin sama tsakanin Kano da Jidda

Tazarar jirgin sama tsakanin Kano da Jidda ita ce nisan da ke tsakanin Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano (KAN) a Najeriya da Filin Jirgin Saman Sarki Abdul'aziz (JED) a ƙasar Saudiyya. A miƙe, nisan ya kai kimanin kilomita 3,420, wato kusan mil 2,125. Hanya ce da alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa daga arewacin Najeriya suka fi bi.

Yadda ake auna nisan

Ana auna tazarar ne da layi mafi gajarta a bisa doron duniya, wadda take a mulmule. Daga Kano layin yana nufar gabas maso arewa, ya ratsa kudu maso gabashin Nijar ta wajen Diffa, ya bi ta Chadi da arewacin Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Sai dai jirgi ba ya bin wannan layi daidai wa daida. Yana bin hanyoyin da hukumomin sufurin sama suka shata, kuma sai da izinin kowace ƙasa yake ratsa samaniyarta. Saboda haka nisan da yake ci yakan zarce na lissafi.

Tsawon tafiya

Jirgin da bai ya da zango ba yakan yi awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, don haka wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe zai sauka Jidda wajen ƙarfe 5 na yamma agogon can.

Tarihi

Kafin zuwan jirgi, maniyyata kan bi ta ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar teku a Sawakin, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Da yawansu sun zauna a Sudan, kuma zuriyarsu na can har yau. Jirgi ya fara sauka Kano a shekarar 1925, shi kuwa filin Sarki Abdul'aziz an buɗe shi a 1981, da sashe na musamman domin alhazai.

Rufe samaniyar Sudan

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa zagayawa ta wasu ƙasashe. Tafiyar ta ƙara tsawo, man da jirgi ke sha ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera a aikin Hajjin shekarar.