Gasar Dakar da Yadda Hamadar Tenere Ta Ƙera Baburin Jeji

Baburin da ake kira mai aiki biyu, wato wanda aka ƙera domin ya bi kwalta kuma ya sauka daga kanta ya shiga rairayi da tsakuwa da kwazazzabai, ya bambanta da baburin cikin gari tun daga ƙasa har sama. Tayarsa ta gaba ta fi ta baya faɗin da'ira, galibi inci 21 a gaba da inci 18 a baya, domin babbar taya ta fi iya haye dutse da rami ba tare da ta cije ba. Jikin tayoyin yana da manyan haƙora masu tazara a tsakaninsu, waɗanda ke kama ƙasa mai laushi, kuma shokazobansa dogaye ne, har a baburan gasa suna iya lotsawa kusan santimita 30 kafin su kai maƙura. Wannan ƙira ba a teburin injiniyoyi kaɗai aka tsara ta ba, domin kaso mai yawa daga cikinta ya samo asali ne daga wahalar da mahaya suka sha a hamadar Sahara, musamman a yankin Tenere da ke arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, a shekarun da gasar Paris zuwa Dakar take ratsawa ta can.

Wanda ya kafa gasar shi ne Thierry Sabine, Bafaranshe mahayin babur, wanda ya ɓata a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya a shekarar 1977 yana cikin wata gasa da ta tashi daga Abijan zuwa birnin Nice na Faransa. Bayan an ceto shi, sai ya shirya tasa gasar, wadda ta tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, ta shigo Nijar ta Agadas da Yamai, ta bi ta Gao da Bamako a Mali, ta ƙare a Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, tafiyar kimanin kilomita 10,000. Ababen hawa 182 ne suka tashi, 74 kacal suka isa, kuma wanda ya zo na ɗaya shi ne Cyril Neveu a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya, marar nauyi, wanda mutum ɗaya zai iya tayar da shi idan ya faɗi, ya kuma gyara shi da 'yan kayan aikin da ke cikin jakarsa.

Nan da nan kamfanoni suka gane cewa nasara a hamada tana sayar da babur a Turai. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S a 1980, kuma Hubert Auriol ya ci gasar a kan BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya biyo baya a 1984 da 1985. Honda ta ci sau huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989 da baburinta NXR750, wanda daga gare shi aka samo ƙirar Africa Twin da ake sayarwa a kasuwa. Ita kuwa Yamaha ta saki XT600Z a 1983 da tanki mai cin lita kusan 30, ta raɗa masa sunan Tenere, sunan da baburanta na jeji ke ɗauke da shi har yau. Daga baya KTM ta ƙasar Ostiriya ta riƙe kambun sau 18 a jere, daga 2001 zuwa 2019.

Abin da Tenere ta tilasta wa masu ƙira ya fito ne daga yanayinta. Tsakanin Agadas da Bilma akwai tafiyar kimanin kilomita 600, mafi yawanta rairayi ne zalla, babu inuwa, babu gidan mai, rijiyoyi kuwa ƙalilan ne masu nisa da juna. Saboda haka dole tanki ya girma, kuma dole a raba man gida-gida, wani a gaba wani a ƙarƙashin sirdi, domin kada nauyi ya taru a sama ya rinjayi mahayi. Ƙura mai laushi tana toshe matatar iska cikin yini ɗaya, idan kuma ta ratsa ta shiga injin sai ta cinye shi, don haka aka sauya wurin matatar yadda za a cire ta cikin sauri. Matsalar faci kuma, wadda ƙayoyi da duwatsun Abzin masu kaifi ke haddasawa, an magance ta da wani soso mai tauri da ake cusawa cikin taya a madadin iska, ta yadda ko ƙusa ta huda tayar ba za ta sace ba.

Hawan rairayi yana da ƙa'idar da ta saɓa wa abin da jiki ke so ya yi. Sabon mahayi idan ya ji kan babur yana rawa, hankalinsa yakan ba shi ya saki totur ya taka birki, kuma a nan ne tayar gaba ke nutsewa, babur ya tsaya cak, mahayin ya wuntsila ta kansa. Gwanaye suna tsayawa a kan matakan ƙafa, gwiwoyinsu a ɗan lanƙwashe suna matse tanki, su mayar da nauyinsu baya, su riƙe totur ba yankewa domin tayar gaba ta yi sauƙi ta riƙa shawagi a saman yashi. Wuri mafi haɗari shi ne ƙololuwar tudun rairayi, domin ɓangaren da iska ke bugawa yana da tauri da sauƙin hawa, ɗaya ɓangaren kuwa yakan gangara tsaye, kuma mahayi ba ya ganinsa sai ya iso baki. Da tsakar rana, lokacin da inuwa ta ɓace, tudu da kwari duk sukan zama launi ɗaya a ido.

Gane hanya shi ne rabin gasar. Ana ba kowane mahayi littafin hanya, wanda a asali doguwar takarda ce da ake naɗewa cikin akwati a gaban babur, mahayi yana murza ta yana tafiya, tana nuna masa nisan da zai yi, da kusurwar kamfas da zai fuskanta, da alamun haɗari. Wanda ya fara tashi shi ke buɗe hanya, na bayansa suna bin sawunsa, shi ya sa jagaba yakan yi asarar lokaci. Ya dace a tuna cewa wannan fili da Turawa ke ratsawa da kamfas da takarda, madugan ayarin gishiri sun shafe ƙarnuka suna ratsa shi da raƙuma zuwa Fachi da Bilma, da sanin taurari da yanayin yashi, kuma masu shirya gasar sun dogara da mutanen yankin, cikinsu har da Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa a yau.

Kayan kariya ma sun ƙaru ne bayan an yi rashe-rashe. Hular kwanon jeji tana da dogon haɓa da baki mai tare rana, ana haɗa ta da tabarau mai rufe ƙura, sannan ga dogayen takalma masu tauri da ke kare idon sawu da ƙwauri, da sulken ƙirji da na baya, da jakar ruwa da ake goyawa mai siririn tiyo zuwa baki. An taƙaita girman injin zuwa cc 450 tun daga 2011 domin rage gudu, kuma bayan rasuwar Paulo Gonçalves ɗan Fotugal a gasar 2020, aka wajabta rigar da ke kumbura da iska idan mahayi ya faɗi, daga 2021. Dokar da ta fi cancantar yabo ita ce wadda ta ce duk wanda ya tsaya taimakon abokin hamayyarsa da ya ji rauni, za a mayar masa da lokacin da ya ɓata. Masu tafiyar jeji a rukuni, ko da ba gasa suke yi ba, a kan wannan tushe suke tafiya: kowa yana lura da na bayansa, ana ajiye gwani a ƙarshen layi, kuma ba a barin mahaɗar hanya sai an tabbata na baya ya ga inda aka karkata. A 1983, guguwar rairayi ta ɓatar da kimanin masu gasa 40 a Tenere, kuma sai da Sabine ya kwashe kwanaki huɗu yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu kafin aka same su duka. Shi kansa a haɗarin irin wannan jirgi ya rasu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986.

Ba daidai ba ne a ba da labarin gasar a tsallake abin da ta jawo wa mutanen da ta ratsa garuruwansu. Agadas ta samu baƙi da ciniki na 'yan kwanaki a shekara, har a 1997 gasar ta tashi daga Dakar ta zo Agadas ta koma, amma an yi asarar rayukan mazauna ƙauyuka, cikinsu har da yara, kamar yarinyar da mota ta kaɗe a Mali a 1988 da yara biyu da suka rasu a Gini da Senegal a 2006. Sunayen mahayan da suka mutu suna rubuce a tarihin gasar, na waɗannan kuwa da ƙyar ake tunawa da su, kuma dokar rage gudu a cikin ƙauyuka ta zo a makare.

Rashin tsaro ne ya raba gasar da Sahara. A shekarar 2000 aka kwashe ayarin gaba ɗaya da manyan jiragen dakon kaya daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar, sannan aka soke gasar 2008 bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 an yi ta a Kudancin Amurka, tun daga 2020 kuma ana yin ta a Saudiyya, duk da cewa sunan Dakar bai sauya ba. Wata gasa dabam mai suna Africa Eco Race ta ci gaba da bin hanyar Maroko da Muritaniya zuwa Senegal tun 2009, sai dai hanyarta ba ta biyowa ta Nijar.