Zanen da ke magana: Yadda atamfa ke buɗe zancen addini a Magarya da Dungas

A gundumomin Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram, daf da iyakar Najeriya, da wuya ka ga Kirista ya ɗauki lasifika ya tsaya bakin kasuwa yana wa'azi. Amma matarsa takan ɗaura zane mai ɗauke da ayar Littafi Mai Tsarki ta tafi rijiya, ko injin niƙa, ko gidan suna. A irin waɗannan wurare ne wata maƙwabciya kan kama gefen zanen ta tambayi abin da aka rubuta a jiki, daga nan kuma hira ta ɓarke.

Kiristoci 'yan ƙalilan ne a Nijar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun kai kashi 99.3 cikin ɗari, Kiristoci kuwa kashi 0.3 kacal. Sai dai ba baƙi ba ne a wannan yanki. Ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram tun 1924, ta wuce Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya ta kafa tasha a Dungas, garin da yake ƙarƙashin Magarya har zuwa 2011 da aka ba shi matsayin gunduma. Daga wannan aiki ne majami'ar EERN ta samo asali, kuma da Hausa mabiyanta na nan suke ibada.

Anko ne, kamar na kowa

Dalilin da ya sa zanen majami'a ba ya tayar da hankali shi ne kowa ya san irinsa. A Nijar atamfa ta daɗe tana ɗaukar saƙo. Akwai ta jam'iyyun siyasa mai hoton ɗan takara, akwai ta ranar 8 ga Maris, akwai kuma ta 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tunawa da tattakin da suka yi a Yamai a 1991. Ga ankon biki da babu amaryar da ke rasa shi. Saboda haka idan matan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a, suka fito da zane iri ɗaya ranar Kirsimeti ko ranar babban taronsu, mai kallo ya san anko yake gani tun kafin ya lura da rubutun.

Bayan taro kuma zanen ba ya komawa adaka. Turmi guda yadi shida ne, a fitar da riga da zane da kallabi, ragowar a yi wa yarinya ɗinki. Idan ya sha wanki ya koɗe sai ya koma zanen aikin gida ko na goyo. Wato saƙon da aka buga domin yini ɗaya sai ya yi shekaru yana yawo cikin unguwa.

Akwai kuma batun karatu. A ƙauyukan Bande da Wacha da Dogo-Dogo da Malawa, mutane da dama sun yi makarantar allo, sun fi sanin ajami a kan boko. Ayar da aka buga da haruffan boko, da Hausa ko Faransanci, ba ta faɗa wa irin wannan mai kallo komai sai ya tambaya. Nan ne hikimar abin take: mai tambaya shi ya fara magana, don haka ba a ce an tare shi da wa'azi ba. Idan ya ji amsa ya ga ba ya son ƙari, sai a koma zancen damina da tsadar gero, a rabu lafiya.

Ba kowace aya ce ke fita kasuwa ba

Wanda ya zauna cikin Musulmi ya san kalaman da ke wucewa salin-alin da waɗanda ke taɓa jijiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, da sunan Allah yake kiran Mahalicci. Aya daga Zabura da ke magana a kan kariyar Ubangiji, ko kalma a kan salama da ƙauna, Musulmi zai iya karantawa ya gyaɗa kai, don ya san Annabi Dawuda da Zaburarsa. Amma rubutun da ya kira Yesu Ɗan Allah wani abu ne daban, domin ya ci karo da tushen aƙidar Musulunci, wadda take girmama Annabi Isa a matsayin manzo kuma take kore wa Allah haihuwa. Mace mai hankali ta san wane zane za ta ɗaura zuwa majami'a ranar Lahadi, wane kuma za ta ɗaura zuwa gidan gaisuwar maƙwabcinta Musulmi.

Wannan taka-tsantsan yana da tarihi. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, wanda mai zanen kaya Alphadi ya ƙirƙiro, ta rikiɗe a Maraɗi har aka afka wa harabar SIM da majami'ar Vie Abondante. Abin lura shi ne rigimar ta taso ne a kan suturar mata, amma ta ƙare a ƙofar majami'a. Ba'amurkiya masaniyar tarihi Barbara Cooper ta yi bayanin lamarin a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi.

Sai kuma ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ya fashe a Damagaram. An ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kama a Yamai. Mutum 10 ne suka rasa rayukansu a biranen biyu, hukumomi kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a babban birnin kaɗai. Magarya ba ta kai kilomita 100 daga Damagaram ba. A irin wannan rana, zanen da ke gabatar da kai ga jama'a shi ne kuma zai iya nuna ka ga masu neman ka. Gefe guda, an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, kuma ba su buƙaci rubutun zane kafin su san ko su wane ne ba.

Rigunan samari

Matasa nasu salon daban ne. Maimakon atamfa, riga mai gajeren hannu suke sawa, wadda aka buga wa sunan taron matasa ko lambar aya, kamar Yohanna 3:16. Galibin kayan yankin daga Najeriya suke shigowa, daga Kantin Kwari a Kano, ta hanyar Ɓaɓura ko ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, shi ya sa rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya taɓa hatta masu neman anko.

Sai dai rigar samari ba ta da tabbas irin na zane. Dilar gwanjo cike take da riguna masu rubutun majami'un Amurka da Turai, kuma ɗan kabu-kabu Musulmi zai iya saye ya sa don arha ba tare da ya san me Turancin yake nufi ba. Ko gicciye ma ba koyaushe yake nuna addini ba a Nijar, tunda sarƙar azurfar nan da Faransawa ke kira gicciyen Agadas ado ce ta Abzinawa da Musulmi ke ratayawa.

Wasu Musulmi na kallon lamarin a matsayin wa'azi ta bayan fage, musamman idan aka raba irin waɗannan riguna kyauta ga yara ko mabuƙata. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya. Akwai bambanci tsakanin babbar mace da ta sayi zanen ƙungiyarta ta ɗaura, da yaron da aka sa wa rigar da iyayensa ba su iya karanta abin da ke bayanta ba. Na farko bayyana kai ne, kamar yadda hijabi da carbi suke bayyana mai su. Na biyu kuwa shi ne irin abin da kan ɓata zaman da aka yi shekaru ana ginawa.

A cikin majami'u ma ba a rasa masu ja da baya, waɗanda ke ganin bai dace a zauna a kan Kalmar Allah ko a shimfiɗa ta a ƙasa ba. Wannan damuwa ce da maƙwabtansu Musulmi za su fahimta nan take, don su ma ba sa yarda a wulaƙanta takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani. Shi ya sa wurin yanka yake da muhimmanci: ana son rubutun ya faɗo a ƙirji ko a gaban zane, kada ya koma baya. Telan da ke wannan lissafi da almakashi a hannu kuwa, a garuruwa irin Magarya da Dungas, galibi Musulmi ne.