Wutsiyar ɗan rago: dalilin guntule ta a Birtaniya, da dalilin barin ta a ƙasar Hausa

Daga watan Maris zuwa Afrilu, masu ƙananan gonaki a tsaunukan Wales da arewacin Ingila ba sa samun barcin kirki. Lokacin haihuwar tumaki ke nan, bayan cikin kusan wata biyar, kuma miji da mata ne ke karɓa-karɓa da tocila a garke har gari ya waye. Cikin kayan aikinsu akwai kwalbar aidin, da robar shayar da madara, da wasu ƙananan zobba na roba masu tauri. Kafin ɗan rago ya cika mako guda, sai a buɗe zoben da wani ƙarfe mai kama da filaya, a zura wutsiyar, a saki. Jini ya daina kaiwa ƙasa, wurin ya bushe, cikin mako biyu zuwa huɗu guntun ya faɗi da kansa.

Ƙuda ne ya jawo wannan aiki. Tumakin can masu ulu ne, ulun kuma har wutsiya yake rufewa. Idan dabba ta ci ɗanyar ciyawa ta yi zawo, kashi ya manne a ulun, ya zama curi mai ɗumi da danshi. Wani koren ƙuda mai ƙyalli, Lucilia sericata, yana bin warin ya zuba ƙwai, kafin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin fata. Sai ka ga ɗan rago ya ware daga garke, ya bar kiwo, yana buga ƙafa yana waiwaye zai ciji bayansa. In aka ɗaga ulun, a tarar da rami yana motsi. Idan ba a farga ba, cikin 'yan kwanaki ya mutu. A Ostireliya, inda tumakin Merino suke da fata mai ninki-ninki, ɓarnar ta fi haka muni.

Duk da haka, guntule wutsiya da zafi, kuma masu yi sun sani. Ɗan rago yakan yi ta birgima da kuka bayan an sa zoben. Shi ya sa dokar Ingila ta 2007 ta taƙaita amfani da zobe ga kwana bakwai na farko, ta kuma ce dole a bar abin da zai rufe duburar namiji da al'aurar mace. Norwe da Suwidin da Finlan sun hana aikin a matsayin al'ada. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003, kan 'ya'yan tumaki sama da 1,200, ya nuna illar zarce iyaka: fitar baya ta kama kusan kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa wutsiya daga tushe, alhali ba ta kai kashi 2 ba a cikin waɗanda aka bar wa da ɗan tsawo. Raunin zoben kuma ƙofa ce ga cutar tetanus, don haka manoman suke yi wa uwa allurar rigakafi mako huɗu zuwa shida kafin ta haihu.

Mai kiwo a Kano ko Maraɗi da ya ga ana guntule wutsiya a bidiyon waya ba shi da dalilin kwaikwaya. 'Yankasa da Uda da Balami gashi gare su, gajere mai santsi wanda kashi ba ya kamawa, wutsiyarsu kuma siririya ce. Ko a Amurka, masu kiwon Katahdin, wata tunkiya mai gashi, galibi ba sa taɓa wutsiyarta. Ga kuma batun layya: a fikihun Malikiyya, dabbar da sulusin wutsiyarta ya tafi ba ta isarwa. Wanda ya guntule ɗan ragonsa ya azabtar da shi a banza, ya kuma karya masa daraja a kasuwar Babbar Salla tun yana ɗan kwana uku.

Abin da ya cancanci a ɗauka daga manoman Birtaniya yana cikin sa'o'in farko na haihuwa, kuma nan ne ake yawan sakaci. Ɗan rago yana zuwa duniya ba garkuwar jiki, domin mahaifar tunkiya ba ta miƙa masa ita. A dakashi yake samu, nonon farko mai kauri da rawaya, hanjinsa kuma ya fi tsotse garkuwar a sa'o'i shida na farko. Bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce mililita 50 ga kowane kilo a shan farko, da mililita 200 ga kowane kilo cikin sa'a 24. Ɗan 'Yankasa mai kilo uku ke nan yana bukatar mililita 600, abin da ya ɗara ledar fiya-wata guda. Ganin sa a gindin uwa bai wadatar ba. A matse kan nonon a tabbatar bai toshe ba, a ɗaga ɗan a taɓa cikinsa: wanda ya sha, cikin a cike yake, wanda bai sha ba kuwa a lotse, yana tsaye a ƙudundune, bakinsa da sanyi. Tagwaye da 'ya'yan tunkiyar da ta yi haihuwar fari su suka fi bukatar wannan duba.

Sai cibiya. Ɗanyar cibiya da ta shafi kashin garke hanya ce da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini, bayan mako ɗaya ko biyu gwiwoyi su kumbura, ɗan ya gurgunce. Tsoma ta a aidin da zarar an haihu, a maimaita bayan 'yan sa'o'i, yana rage wannan sosai. A daren hunturu kuma, jiƙaƙƙen ɗan rago da iska ke bugu yana iya sandarewa kafin asuba, sai an goge shi an tare masa iska da zana.

Daga mako na biyu zai fara tsintar harawa da dusa, wanda shi ke gina masa tumbi kafin yaye a wajen wata uku. Daidai lokacin ne garkuwar dakashi ke ƙarewa, sai allurar PPR, annobar majina da zawo da aka fara ganowa a Kodebuwa a 1942, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗa rigakafinta. Da damina kuma tsutsar ciki mai shan jini ke kwantar da ƙanana. A janye fatar idon ƙasa a duba: ja lafiya ce, in ta yi fari jini ya yi ƙasa, a nemi malamin dabbobi ya ba da magani gwargwadon nauyin dabbar.