Makahon Da Ya Hutar Da Ƙafar Direba

Duk wanda ya taɓa jan mota tafiya mai nisa ya sani cewa ƙafar dama ita ce ke fara gajiya. Tun daga tashi har masauki tana bisa totur, in ta yi nauyi kaɗan mota ta zarce ƙa'ida, in ta yi sako-sako gudu ya ragu, direba kuwa ido ɗaya ga hanya, ɗaya ga maleji. Sabo da wannan wahala ne maƙeran motoci suka sa wata na'ura wadda direba zai nuna mata gudun da ya ke so, sa'an nan ya ɗauke ƙafarsa, ita kuwa ta riƙe motar a wannan gudun ko ana hawan tudu ko ana bin fako. Motoci da yawa da a ke shigowa da su daga Amurka da Turai da Japan suna ɗauke da ita, ga maɓallanta nan jere a jikin sitiyari, amma akwai masu mota da ba su taɓa latsa su ba, akwai kuma masu latsawa inda bai kamata ba.

Abin mamaki, mutumin da a ke danganta wannan dabara gare shi makaho ne. Sunansa Ralph Teetor, an haife shi cikin shekarar 1890 a wani ɗan ƙaramin gari wai shi Hagerstown, cikin jihar Indiyana ta Amurka. Yana da shekara biyar wuƙa ta same shi a ido ɗaya, ba a daɗe ba ciwon ya kama ɗayan, ya makance sarai. Wannan bai hana shi karatu ba. Ya shiga Jami'ar Pennsylvania, ya fito injiniya cikin 1912, yana gane ƙarfe da tafin hannu kamar yadda waɗansu ke ganewa da ido. Danginsa suna da masana'antar da a ka sani da suna Perfect Circle, aikinta ƙera ringin fistin, shi ne kuwa ya shugabance ta daga 1946 zuwa 1957. Ya rasu cikin 1982.

Ana ba da labari cewa lauyansa ne ya jawo abin. Wai in suna tafiya cikin mota, lauyan nan in yana magana sai ya sassauta gudu, in yana sauraro sai ya taka, shi kuwa Teetor da ba ya ganin hanya, jikinsa kaɗai ke jin wannan fizge-fizge, har abin ya ishe shi. Zamanin ma ya taimaka, gama cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, gwamnatin Amurka ta hana mota wuce mil 35 a awa guda, watau wajen kilomita 56, don a yi tattalin taya da fetur, riƙe irin wannan gudu kuwa a kan miƙaƙƙiyar hanya aiki ne mai gundura. Ya kai dabararsa ofishin rajistar ƙirƙira cikin 1948, a ka ba shi takardar mallaka cikin 1950, ya raɗa wa abin suna Speedostat.

Na farkon bai iya riƙe mota da kansa ba. Direba ya kan murɗa wani ɗan maɓalli zuwa gudun da ya zaɓa, da mota ta kai nan sai ya ji totur ya yi tauri yana turo ƙafarsa baya, kamar mai cewa ya isa haka. In yana so ya wuce wata mota, sai ya danna da ƙarfi, taurin ya ba da kai. Daga baya ne a ka ƙara masa makulli mai riƙe gudun. Kamfanin Chrysler ya fara sa shi cikin manyan motocinsa a 1958 da sunan Auto-Pilot, Cadillac kuma ya bi sahu a 1959 ya kira shi Cruise Control, wannan suna ne ya bi shi har yau.

Amma tushen dabarar ya girmi mota nesa ba kusa ba. Cikin 1788 James Watt, mutumin Sikotlan, ya ɗora wa injin tururi waɗansu dunƙulen ƙarfe biyu masu rataye a jikin sanda mai juyawa. Wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san yadda dutse ke neman tserewa waje gwargwadon saurin hannu. To, haka dunƙulen nan su ke yi: in injin ya yi sauri sai su buɗe su tashi sama, tashinsu ya ja wani ƙarfe ya rage ƙofar tururi, in injin ya yi sanyi sai su sauko, ƙofa ta ƙara buɗewa. Injin ke nan yana tsawata wa kansa. Na'urar Teetor ma da irin waɗannan nauyaye masu juyawa ta ke auna gudun mota.

Kowace irin na'urar riƙe gudu, tsohuwa ko sabuwa, abu uku ta ke bukata: abin da zai auna gudu, abin da zai yi hukunci, da abin da zai ja totur. Awon gudu a da daga wayar maleji a ke ɗaukarsa. Yanzu akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora a jikin giya ko kusa da ƙafar mota, da ɗan maganaɗisu a gefensa. Kowane haƙori ya gifta sai a sami ɗan motsin lantarki, ƙirga motsin nan cikin daƙiƙa guda shi ke nuna gudun mota.

Wajen jan totur kuwa, sai an san abin da totur ke yi tukuna. Mutane suna cewa direba ya ba ta mai, alhali kuwa a motar fetur iska ya ke ba ta. Cikin maƙogwaron injin akwai wani ɗan murfi mai juyawa, taka totur shi ke buɗe shi, iska ta shiga, sa'an nan a zuba fetur daidai da iskar. Tsofaffin na'urori sun yi amfani da zuƙar injin kanta. Akwai wani gwangwani mai fatar roba a ciki, mai lotsawa da kumbura kamar zugazugin maƙeri, an ɗaura waya daga fatar zuwa murfin nan. In a na son ƙarin gudu sai a bar injin ya zuƙe iskar gwangwanin, fata ta lotsa ta ja waya, murfi ya buɗe. In a na son ragi sai a saki iska ta koma, fata ta saki waya. Shi ya sa direban irin wannan mota ya kan ji totur yana nutsewa da kansa ƙarƙashin ƙafarsa, abin da ke firgita wanda bai saba ba. Motocin yanzu ba su da waya tsakanin totur da murfi, wani ɗan injin lantarki ne ke juya murfin bisa umarnin kwamfutar mota, don haka riƙe gudu ya zama lissafi kawai cikin kwamfutar.

To, lissafin nan shi ne zuciyar al'amarin, ya kuma fi yadda a ke zato wuya. A ce direba ya zaɓi kilomita 100 a awa. Mai gaggawa zai ce ai da sauƙi, in gudu ya gaza 100 a buɗe murfi, in ya wuce a rufe. Motar da a ka yi wa haka ba mai iya zama cikinta, gama za ta riƙa zabura tana tsayawa kamar doki a hannun wanda bai iya linzami ba, watau halin lauyan nan ke nan da a ke gudu. Sabo da haka na'urar ta kan yi wa kanta tambaya uku, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa.

Ta fari ita ce, nawa ne tsakanin gudun da a ke so da wanda a ke yi? In tazarar babba ce a buɗe murfi da yawa, in ƙarama ce a taɓa shi kaɗan. Wannan kaɗai ba ya isa, domin a kan dogon tudu mota ta kan tsaya a 97, ƙaramar tazarar nan ba ta da ƙarfin da za ta sa a ƙara buɗewa, sai a yi ta tafiya da giɓi. Nan tambaya ta biyu ke shigowa: tun yaushe a ke bin wannan bashi? Na'urar tana tara giɓin kamar mai rubuta bashi a littafi, kilomita uku ba kome ba ne, amma in sun daɗe sai lissafi ya yi nauyi, ta ƙara tura murfi sannu sannu har allura ta koma kan 100. Ta uku kuwa ita ce, da wane sauri tazarar ke cikewa? Mai awon hatsi ba ya jira mudu ya cika kafin ya sassauta hannu, tun yana ganin ya kusa baki ya ke rage zubawa. Haka na'urar ke fara sassauta murfi tun gudu bai kai ba, don kada ta zarce. Gwanintar injiniya tana wajen daidaita nauyin waɗannan tambayoyi. In ya ba ɗaya ƙarfi fiye da kima mota ta yi ta rawa, in ya rage ta yi nawa a kan tudu.

Sakin na'urar ya fi kama ta muhimmanci, maƙera kuwa ba su yi wasa da wannan ba. Ƙarƙashin birki akwai ɗan makunni, da ƙafa ta taɓa birki, ko da shafa ce, na'ura ta saki totur nan take. A mota mai kuloci ma haka, don kada injin ya yi ta kururuwa ba kaya. Ba ta manta da gudun da a ka ba ta, akwai maɓallin da a ke latsawa ta koma masa. Wannan maɓalli yana bukatar hankali: wanda ya rage gudu don shiga gari, sa'an nan ya latsa shi bisa kuskure, zai ji mota ta ɗauka da kanta tana neman gudun babbar hanya. Galibi kuma na'urar ba ta kamawa in gudu bai kai wajen kilomita 30 ko 40 ba.

A gangara kuwa rauninta ke bayyana. Irin ta da, totur kaɗai ke hannunta, iyakar abin da za ta iya shi ne ta rufe murfi. In gangarar mai tsanani ce mota ta kan wuce gudun da a ka zaɓa, sai direba ya sa birki ko ya sauko da giya. Littattafan da maƙera ke haɗawa da mota suna hana amfani da ita cikin ruwan sama, da kan santsi, da hanya mai yawan kwana ko cunkoso. Dalili kuwa, direban da ƙafarsa ke kan totur da ya ga ruwa kwance ya kan ɗaga ta tun bai yi tunani ba, na'ura kuwa ba ta ganin ruwa. Ga kuma gyangyaɗi. Wanda barci ya sace ƙafarsa ta kan saki totur, amma in na'ura ce ke riƙe, mota ta ci gaba da gudunta. A kilomita 100, mota tana cin wajen mita 28 cikin daƙiƙa guda.

Shekara da shekaru a na ɗaukar na'urar kayan ƙawa na masu hali. Rikicin man fetur na 1973 ya sake lissafi. Mai ya yi tsada a Amurka, cikin 1974 a ka kafa dokar hana wuce mil 55 a awa, wajen kilomita 89, sai jama'a suka ga amfanin abin da zai tsare su daga tara ya kuma rage shan mai, gama tafiya da gudu ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ta fi taka-saki tattali. A ƙasa mai tuddai kuwa ƙwararren direba ya kan fi ta, don shi yana hango tudu ya shirya masa, ita sai ta ji nauyinsa tukuna.

Daga baya a ka yi mata ido. Cikin 1995 kamfanin Mitsubishi na Japan ya fitar da mota mai auna nisan motar da ke gaba da hasken leza, tana rage gudu da totur da giya, ba ta taɓa birki. Cikin 1999 Mercedes-Benz na Jamus ya sa rada a manyan motocinsa da sunan Distronic, mai iya taka birki da kanta gwargwado. Rada tana aika igiyar rediyo ta bugi motar gaba ta komo. Jinkirin komowar ke nuna nisa, sauyin da igiyar ta yi kuwa ke nuna ko motar tana matsowa ko tana nisa. Direba ya kan zaɓi ratar da ya ke so a bari, ba da mita a ke auna ta ba, da daƙiƙa, don ratar ta riƙa faɗaɗa gwargwadon gudu. Sai dai an koya wa irin wannan ido ya yi watsi da abubuwan da ke tsaye, kamar gada da allon gefen hanya, in ba haka ba da mota ta yi ta birki ba dalili. Sabo da haka maƙera da kansu ke gargaɗi cewa mai yiwuwa ne ba ta tsaya wa motar da ta lalace a tsakiyar titi ba.

Kada a haɗa wannan na'ura da mai ƙayyade gudu wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta wa motocin haya sawa cikin 2017. Mai ƙayyadewa ba ta taka totur, hana shi wuce iyaka kaɗai ta ke yi, ƙafar direba na nan a wurinta. Mai riƙe gudu kuwa ita ke takawa, an kuma ƙera ta ne don irin hanyoyin da a ka katange gefensu, ba mai ƙetarawa. Hanyar da garken shanu kan ratsa, ga rami bayan kwana, ga kasuwar ƙauye ta malalo bakin kwalta ran cinta, ba ta ba da dogon filin da na'urar ke so. Inda a ka sami filin, direbobin da suka san aikinta su kan ajiye ƙafar dama dab da birki, ba su naɗe ta ƙarƙashin kujera.